A Bar Gida Yadda Aka Same Shi

Mahjar, Jidda
Watan Rajab

Zuwa ga Yaya Abduljalil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Kano lafiya, ka iske iyali lafiya. Ina gajiyar Umra, ina gajiyar jirgi. Rubutu na yi na ɗauki hotonsa, don in na yi magana a waya Ummi na jin komai. Ka dai ga ɗakinmu, in mutum ya yi atishawa a bakin ƙofa, na bakin taga ke goge fuska.

Kai ka ci sa'a, jirginka na safe ne. Ka sha shayi, ka yi mana doguwar addu'a, ka bar mini kwanukan da kai da baƙinka kuka ɓata. Malamai dai Allah ya raba su da soso. Amma ba ƙorafi ya kawo ni ba, abin da ya biyo bayanka zan faɗa maka.

Ka tuna Othman, wanda makullan gidan hayar kwanakin nan na unguwar Balad ke hannunsa, gidan da muka kama saboda zuwanka. Da hantsi sai ga shi, ya tsaya a ƙofa da takalmansa, yana zuba mana dokar fita kamar mai gwanjo. A wanke kwanuka a mayar inda suke. A kwashe komai daga firij. A yaye zannuwan gado a tara su a banɗaki tare da tawul. A sauke shara ƙasa, a buɗe tagogi ƙamshin turare ya fita, a bar makulli kan tebur, a ja ƙofa kafin azahar.

"Da la'asar wasu baƙin za su shigo," in ji shi. "A bar gida yadda aka same shi, shi ke nan."

Ni wannan karatun na haddace shi, kullum ina raka mahajjatan da ke sayen turarena fita daga irin gidajen nan. Abin da na manta, Ummi na tsaye a bayana da tsintsiyar da ta saya da kanta.

Ta ce, "Waɗanne baƙi?"

Ya ce, "Masu haya, ya Hajja."

Ta dube ni. "Mastura, haya muka ba da?"

Yaya, ka ji fa. Ashe tun ranar da muka shiga ta ɗauka gidan kai ka kama mata, madadin namu na unguwar Karantina da aka rushe. Shi ya sa ta kafa ƙusa ta rataye carbin Baba, ta jera kayan yajinta, ta shuka na'ana'a a gwangwani ta ɗora a taga.

Na ja ta gefe na gaya mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai ta ce wa Othman ya maimaita dokar a hankali. Ya maimaita, tana gyaɗa kai. Ta ce, "To, madalla. Ba za a ce matar Malam Majid ta bar gidan mutane da datti ba."

Ta hana ni taɓa komai. Ta wanke, ta share, ta zare ƙusar nan ta toshe ramin da sabulu. A gadonka kaɗai ta daɗe tsaye. Ka san a gidanmu ba a naɗe shimfiɗar matafiyi ranar da ya tafi. Ta sa hannu ta yaye. Da Othman ya zagaya ya duba, ya ce bai taɓa samun baƙi irinmu ba. Ummi ta ce masa, "Mun gode da masauki."

Yanzu maganar da ka ce za ka yi tunani a kai. Iƙamarta, wato takardar izinin zamanta, za ta ƙare bayan Babbar Sallah, sabuntawa kuma ka san yadda ta zama. Mu biyar ne a ɗaki ɗaya, katifarta a bakin kicin. Kai ne babba, kai ne mai tsakar gida har da bishiya. Ban ce komai ba, tunatarwa ce.

A gaishe da kowa da kowa.
Ƙanwarka, Mastura


Fagge, Kano
Watan Sha'aban

Zuwa ga ƙanwata Mastura,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na sauka lafiya, alhamdu lillahi, kuma na koma makaranta. Ki gaishe mini da Ummi gaisuwa ta musamman, da maigidanki Na'ibi, da yara.

Takardarki ta hana ni sukuni. Abin da ban gane ba shi ne, ke da ba a ɓoye miki komai a kasuwa, yaya aka yi kika ga tana shuka a tagar gidan haya ba ki fahimci komai ba? Ni kam na ji ta tana ce wa wata maƙwabciya "gidanmu", na ɗauka wani abu kika faɗa mata don ki faranta mata, shi ya sa na kama bakina. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Game da batun ɗauko ta, ba gudu nake yi ba. Amma ki yi tunani. A Jidda aka haifi Ummi, Kano a labarin kakanninmu kawai ta san ta. Ni da ƙuruciyata, sai da na shekara yara na yi wa Hausata dariya. A nan ba ta da ƙawa ko ɗaya, babu wanda zai ce mata ya san Baba. Kuma kabarinsa yana can. Tsohon itace ba a cika dasa shi ya kama ba.

Shawarata ita ce a bar maganar zuwa bayan azumi. Abin da ya faru zai wuce, tsofaffi suna da haƙuri fiye da yadda muke zato.

Wassalam.
Yayanki, Abduljalil


Mahjar, Jidda
Bayan Ƙaramar Sallah

Yaya,

Salamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na bi shawararka na yi shiru har azumi ya wuce, kai ma ka san wannan ba ƙaramar ibada ba ce a wurina.

Ka tambaye ni yaya aka yi ban gane ba. Ban ce mata gidan namu ne ba, ban kuma ce ba namu ba ne. Na gan ta tana waƙa a kicin, abin da rabona da shi tun ana fenta jan rubutun rusau a bangon Karantina, sai na ce bari ta ɗan sha iska. Kai ma ka ji ka yi shiru, to kada mu tsaya auna wanda shirunsa ya fi nauyi.

Ka ce zai wuce. Bai wuce ba, zama ya yi. Tun da muka dawo Mahjar, kullum Ummi ta idar da sallar walaha sai ta yaye zanen katifarta, ta ninke, ta jingine katifar. Ta wanke kofinta ta kife. 'Yar shararta, ko ɓawon lemo ne, sai ta ɗaure a leda ta sauka da ita da kanta, ga ciwon gwiwa. Ba ta barin komai nata a firij. Kafin azahar jakarta na bakin ƙofa a zuge, ita tana zaune kusa da ita da mayafi. In aka yi la'asar ba wanda ya ce komai, sai ta sake shimfiɗawa.

Ranar farko na mayar da abin wasa. Na ce, "Ummi, ina za a je ba a gayyace ni ba?"

Ta ce, "Babu ko'ina. Gara dai mutum ya zauna a shirye."

Na ce, "Nan gidan 'yarki ne."

Ta ce, "Wancan ma ai na ce na ɗana ne."

Kada ka ce ruɗewar tsufa ce. Hankalinta garau. Jiya na shigo da turaren da aka cakuɗa, tun daga matakala ta ce a mayar wa mai shi.

Maigidana, baban Lujain, duk ya rame da kunya. In zai fita aiki sai ta miƙe ta ce, "Na'ibi, mun gode da masauki." Mutumin da ta aurar wa 'ya, wanda a da take kora ya je ya yi aski. Maƙwabta suna ganin jakar nan a ƙofa kullum, har Hajja ta ƙasa ta tare ni tana mini wa'azin haƙƙin uwa, ita da ɗanta ya shekara bai leƙo ta ba.

Na gwada dabarata. Na bar tukunya da ƙanzo kwana biyu, na zuba gishiri a miya har ba ta ciwuwa, na bar Lujain ta fita da kai babu ɗankwali a gabanta, duk don ta yi mini faɗa irin na da. Ta ci miyar ta ce an gode. Na ce, "Ummi, ba ki ji gishiri ba?" Ta ce, "Baƙo ba ya faɗa a gidan mutane."

To ka ji. A nan ba za ta sake zama uwar gida ba, wuri ya yi mana kaɗan har ta ga kamar iskar wani take shaƙa. A wurinka akwai ɗaki mai ƙofa, akwai jikoki da za ta tsawatar wa. In ka ce in roƙe ka, na roƙe ka.

Ƙanwarka, Mastura


Fagge, Kano
Watan Shawwal

Zuwa ga ƙanwata Mastura,

Bayan sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki sau da yawa, na yi istihara, na yi shawara da iyali. Na amince. Na kwashe littattafaina daga ɗakin da ke kallon gabas, an yi masa fenti, an gyara tagar. Zan ba ta makullinsa a hannunta.

Sai dai abu biyu. Na farko, ki sani takardar da za a buga mata ta fita ce ta dindindin. In ta fito, zaman Jidda ya ƙare mata, kuma a shekarunta ban ga ƙarfin da za ta sake hawa jirgi ba. Ba za a kwantar da ita kusa da Baba ba, ke ma ba lallai ki sake ganinta ba. Na san kin san wannan, amma ina so ki gan shi a rubuce.

Na biyu, kada ki yi mata ciniki. Na san bakinki. Ki zaunar da ita, ki faɗa mata abin yadda yake, ki bar ta ta zaɓa. In ta ce a'a, za mu nemi wata hanya ko da za mu sha wuya.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri.
Yayanki, Abduljalil


Mahjar, Jidda
Watan Zulƙida

Yaya,

Salamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Na yi yadda ka ce. Wallahi ban sa mata zuma ba. Na aika yara waje, na zauna a ƙasa gabanta, na ce ga ɗaki a Kano, ga kuma abin da fitar ke nufi, in ba ta so ta zauna, ko a kaina ne.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Lokacin ya yi ke nan?"

Na ce, "Ummi, ba lokaci ba ne, tambayarki nake yi. Me kike so?"

Ta ce, "Yaushe ake so in fita?"

Na juya tambayar ta kowace fuska, amsar ɗaya ce. Ban samu "ina so" ba, ban samu "ba na so" ba. Daga ƙarshe ta dafa kaina ta ce na yi ƙoƙari, Allah ya ba ni masu yi mini.

Abu ɗaya ta nema, a kai ta maƙabarta. Mun je da tasi, ta tsaya daga bayan katanga ta yi wa Baba addu'a. Direban ya ce ko a biya da ita ta Karantina, ta ce a'a, ba ta bar komai a can ba.

Da muka dawo na ce wa baban Lujain ya dakatar da maganar takardun, mu ƙara matsuwa, ai ba a mutuwa da matsi. Ya ce an riga an buga tun shekaranjiya, ni ce na ce ya hanzarta. Haka ne, ni ce.

Jirginta Laraba ta sama. Ba ta cin yaji da dare, kuma tana son shayinta da na'ana'a.

Ƙanwarka, Mastura


Mahjar, Jidda
Laraba

Yaya,

Salamu alaikum. Jirginta ya tashi. Ka je da wuri, ba ta iya doguwar tsayuwa.

Na dawo daga filin jirgi na tarar da lungunta fes, tagar a buɗe. Ka san duk baƙon da na taɓa rakawa sai ya manta wani abu, ko caja, ko silifa, ko ƙwayar magani a ƙarƙashin gado. Na ɗaga katifar, na jawo firij, na zazzage kwandon wanki. Ko tsinken gashi babu. Matashin ma ta wanke rigarsa, sabulu kawai nake ji.

In ta yi barci, ka buɗe jakarta ka zaro mini ɗankwali ɗaya, wanda ba a wanke ba. Kada ka tambaye ta, za ta ce sai ta wanke. Ka ba duk wanda ka samu mai zuwa Umra.

Ƙanwarka, Mastura