Izu Goma Sha Tara da Suka Rage wa Nababa

Utako, Abuja
9 ga Maris, 2024

Aminina Yamusa,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Zariya baki ɗaya. Yaya ƙafar Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Rekiya tana gaishe ku.

Akwai abin da na ɓoye maka shekara shida: ina da hawan jini. Likitoci huɗu sun yi mini faɗa a kai, kowanne na ce masa to, na zo gida na jefa maganin a durowa. Ranar Litinin jiri ya ɗebe ni a ofis, awo ya nuna 186 bisa 110. Bayan likita ya gama nasa, sai ya tura ni wurin wata nas, Sista Miriam, 'yar Ushafa.

Na shiga na shirya wa faɗa na biyar. Sai ta nemi izinina kafin mu yi maganar jinin, ta kuma tambaye ni abin da ya hana ni shan maganin, da muryar mai son sani. Yamusa, ba a taɓa tambayata ba. Na ji bakina yana faɗin abin da ko Rekiya ban gaya wa ba, cewa Baba ya fara shan irin ƙwayoyin nan wata uku kafin rasuwarsa, tun daga nan nake ganinsu kamar sammaci. Ba ta ce na yi kuskure ba. Ta maimaita mini maganata da Hausarta ta mutanen nan. Da na ji ta daga bakin wani, ni da kaina na ce ai Baba ya yi shekara ashirin da ciwon kafin ya yarda ya je asibiti.

Daga nan ta tambayi abin da nake so lafiyata ta kai ni in gama. Ka san Alƙur'anin da na fara rubutawa da hannu tun muna Kaduna. Saura izu goma sha tara. Ina faɗa sai na dubi hannuna na dama, na tuna yadda shanyewar ɓarin jiki ta mayar da na Baba.

Na fito ban san wanda ya shawo kaina ba. Na fara shan maganin.

Naka,
Nababa


Utako, Abuja
2 ga Yuli, 2024

Aminina Yamusa,

Bayan gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya. Wasiƙarka ta iso, na gode da addu'a.

Ka ce in ba ka labarin nasara, to ga na kunya. Da farko abin ya yi kyau. Sista ta ce in zaɓi abu ɗaya da zan iya canzawa, na zaɓi gishiri, Rekiya ta rage shi da dunƙule a miya. Ni na ƙara da tafiyar ƙafa bayan asuba, daga gida zuwa bakin kasuwar Utako in dawo. Awo ya sauka zuwa 152.

Sai ƙafafuna suka fara kumbura, na daina maganin ban gaya wa kowa ba. Sallah ta zo da soyayyen nama da yaji, ban ɗaga wa komai ƙafa ba. Ranar komawa asibiti na zauna a mota kusan rabin awa ina shirya ƙarya. Awo ya riga ni magana: 174.

Na faɗa mata gaskiya ina kallon ƙasa. Abin da ta fara cewa shi ne, mutumin da ya san awonsa zai yi muni kuma ya zo, bai haƙura da kansa ba. Ta ce kumburin daga maganin yake iya zama, ta kai ni wurin likita ya canza mini wani. Sannan ta ce in auna niyyata daga ɗaya zuwa goma. Na ce biyar. Na ɗauka za ta ce me ya sa ba goma ba, sai ta ce me ya sa ba biyu ba. Na yi minti goma ina jero mata dalilan da suka sa dole in rayu da hannuna lafiya, kamar ita ce mai gardama.

Har yanzu abin yana ɗaure mini kai. Yarinyar nan ba ta kai 'yata Nafeesa shekaru ba.

Naka,
Nababa


Utako, Abuja
18 ga Mayu, 2025

Aminina Yamusa,

Assalamu alaikum. Ina fata damina ta sauka muku da albarka. A gaida Hajiya da jikoki.

Ranar Alhamis da hantsi na rubuta ayar ƙarshe ta Nasi. Na ajiye alƙalami, na daɗe ina kallon yatsuna da tawada a jiki, ban iya tashi ba sai da Rekiya ta shigo ta same ni ina hawaye. Wata biyar ke nan awona bai wuce 134 bisa 84 ba. Likita ya ce in ci gaba da magani, kuma zan ci gaba.

Washegari na je in gaya wa Sista Miriam, aka ce an mayar da ita wani ƙaramin asibiti can wajen Bwari tun watan jiya. Na karɓi lambarta na kira. Ta yi murna ƙwarai, ta ce za ta yi godiya ga Allah a cocinsu ranar Lahadi. Da na fara yi mata godiya sai ta ce in yi haƙuri, akwai wani tsoho a gabanta yana jira, shi ma yau ya fara zuwa. Duka maganar ba ta kai minti biyu ba.

Na yi shekara talatin da uku a ma'aikata ina ba da umarni, ban san ko mutum ɗaya da ya sake hali saboda ni ba. Ita ko sau ɗaya ba ta ce mini dole ba. Ina sa ta a addu'a, ita da tsohon da ban sani ba.

Ka nemo mini baduku mai kyau a Zariya ya ɗinka wa Alƙur'anin gafaka, jar fata nake so. Za a yi walima bayan Sallah, kuma kai za ka fara buɗe shi.

Amininka har kullum,
Nababa