Ƙullin Jirgi a Tashar Dirku

Dagmanet, Agadas

Zuwa ga ƙanena Sidi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Mariyama da yara. Yaya baƙunta, yaya sanyin garin naku? Ka fara sabawa da zama wuri ɗaya bayan tekun ƙanƙara? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Albishirinka, na samu aiki! Tun da muka sauka daga jirgin ruwa na dawo gida, ba na iya ajiye abu ban ɗaure shi ba. Har randar ruwa na ɗaure a jikin ginshiƙi, matata Hadiza tana dariya: "Malam, gidan nan fa ba ya tangaɗi!" Ni kuwa kullum tunanina ko dole in koma teku, don wa ke neman ma'aikacin jirgin ruwa cikin rairayi?

Watan jiya na raka Kawu Bubakar tasha, na tarar ana ɗaure kaya a kamiyon, wato babbar motar da ke zuwa garin Dirku. Hannuna ya ƙi haƙuri, na yi musu irin ƙullinmu na jirgi. Mai motar ya ja igiyar, ya sake ja, ya ce, "Kai, bawan Allah, ina ka koyo wannan?" Motar ta je ta dawo, ko buhu ɗaya bai faɗi ba. Sai ga ɗan aikensa, wai yana nemana. Yanzu ni ke duba ɗaurin motocinsa.

Har yau nakan tambayi kaina ko zan iya. Duk da haka, ka gaya wa shugaban jirgi ya ba wani gurbina. Azumin bana da Inna zan sha ruwa, inda rana take faɗuwa, ba kamar tekun ƙanƙara ba, inda takan yi watanni ba ta faɗi ba.

Ka sa ni cikin addu'a, ka gaida abokan aikinmu duka.

Yayanka,
Alhasan