Sunan da Baba Ya Jera

Mainz, ranar Lahadi

Zuwa ga yayana Volkmar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Annegret da yara. Yaya sanyin Hamburg? Mu nan da sauƙi, sai dai gajiya.

Mantuwar Baba kullum gaba take yi. Tun bara bai kira sunana ba. "'Yar nan" yake ce mini, wani sa'in har godiya yake yi mini kamar baƙuwa. Ni ce wanka, ni ce abinci a baki, ni ce bin sa da takalmi in ya fice titi.

Likita ta ce in kai shi inda ya saba, shi ne jiya na tura shi a keken guragu zuwa tsohuwar maɗaba'ar nan ta bayan coci da aka mayar gidan tarihi. Mai yi wa baƙi bayani yana ta zuba, wai da irin wannan injin katako aka fara buga littafi, har talaka ya samu na karantawa. Ni kam ƙafafuna kawai nake ji.

Muna isa gaban akwatin haruffan dalma, Baba ya shaƙi warin tawada, sai ga shi tsaye da kansa. Ya ce da mutumin, "Malam, kauce, ka tare mini haske." Ka san aikin ɗab'i ya yi duk rayuwarsa: nan take hannu na tsinto haruffa, ido bai ko duba ba, yana jera su kai a ƙasa. Hannun da ba ya iya riƙe cokali fa! Ba zan ɓoye maka ba, na sa rai sunana yake haɗawa. Aka shafa tawada, aka danna takarda, aka ɗaga.

Sunanka ne.

Ya miƙo mini ita ya ce, "'Yar nan, taimaka ki kai wa ɗana, ki ce ina jiransa."

Na ji haushi, Yaya. Sai da na shiga banɗaki na yi kukana na ƙoshi, sannan na fito na gyara masa hula.

To, ga saƙonka nan a cikin ambulan, na isar. Don Allah kada ka sake aiko fure. Ka hau jirgin ƙasa ka zo da kanka, tun hannunsa bai manta da kai ba. Ni an riga an manta da ni, kuma ni kaɗai ba zan iya ba.

Ka gaishe mini da Annegret, ka shafa kan yara.

Taka ƙanwa da ta gaji,
Irmtraud