Takin Alhaji Mai Neman Depite

Yaya Idi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya? Yaya Abijan, yaya Hadiza da yara? Mu nan Jiratawa lafiya lau, sai Inna da tari.

Jar akuyarka ta kumbura, dole muka yanka ta, muka tarar da tumbinta cike da leda. Alhajin nan mai neman depite, wato ɗan majalisa, ne ya aiko mana da sharar unguwarsu ta Maraɗi, amalanke uku, wai kyautar taki. Rabinta leda ce. Muka ƙona, hayaƙin ya kwantar da Inna.

Jiya ya zo neman ƙuri'a, ya toshe hanci da hankici, wai me ke wari haka? Na ce, "Kyautarka ce, Alhaji."

Ka sa Inna a addu'a, ka gaida Kawu. Ƙuri'ata kuwa, ya tona jujinsa ya nema.

Ƙanwarka,
Zulai