Kujerar Baban Aku

Zuwa ga maigida, baban Aku,

“Ranar da za ta shiga aji ɗaya ni zan riƙe hannunta har bakin ƙofa, ko da rarrafe zan zo.” Ka gane maganar? Taka ce. A tsakar gida ka yi ta, jakarka a kafaɗa, direban kamfaninku yana jiranka a waje. Na maido maka ita ne don ka ga ba ta ɓata ba, tana nan a ajiye wurina yadda ka bar ta.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aikin gada, yaya ƙarfin jiki, yaya bayan nan naka da ke riƙewa in ka daɗe zaune cikin injin ɗaga ƙarfe? Mu nan lafiya lau muke, in lafiyar jiki ake nufi.

Kar ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Na lura wayarka tana da wayo: muna maganar famfo ko kwanon ɗaki murya tangaran, da na ce yaushe za ka dawo sai layi ya fara shaƙewa. Takarda ba ta katsewa.

Autarka ta shiga aji ɗaya ranar Litinin, ni na kai ta. Jakar da ka aiko ta iso, an gode, amma in ta goya ta ka hango ta daga baya sai ka ce jaka ce ta yi ƙafafu. Duk hanya bakinta bai huta ba, ka dai san dalilin da ka sa mata Aku. Sai da muka zo bakin ƙofar makaranta ta yi tsit, ta waiga hagu, ta waiga dama, ta ce mu ɗan jira ko kana tafe. Muka jira har aka kaɗa ƙararrawa.

Malamarsu yarinya ce, sa'ar babbar 'yarmu, amma ta san aikinta. Ta tara iyaye ta gaya mana abin da take so, ni kuma zan gaya maka, tunda uba ne kai ko da ta wasiƙa. Yaro ya kwanta da wuri. Ya zo da fensir biyu a fiƙe, da gorar ruwa, da takalmin da zai iya sa wa kansa. A rubuta sunansa a kan komai, har murfin gora. Kullum da yamma ya karanta wa wani shafi guda da babbar murya, kuma in ya cije a kan kalma kar a yi saurin faɗa masa, a bar shi ya yi kokawa da ita. Kar a yi masa aikin gida, domin ta ce tana gane rubutun uwa ko da hagu aka yi shi. A aji kowa da ƙusar da yake rataye jakarsa, kowa da gurbinsa a layi, kuma ba a magana sai an ɗaga hannu. Jiya ina wanke-wanke na juya na ga 'yarka tsaye a bayana da hannu a sama, wai tana son ruwa. Na yi dariya har na dafa bango, na juya in nuna maka, sai na tuna.

Abu na ƙarshe da malama ta faɗa shi ya sa na ɗauki biro. Ta ce in kun kawo yaro da safe kar ku sulale ku gudu yana kallon wani wuri, kar kuma ku tsaya a taga kuna leƙe. Ku yi masa sallama sau ɗaya, ku faɗa masa lokacin da za ku dawo, sannan ku dawo a lokacin. Ta ce yaron da ya san za a zo ɗaukarsa shi ne ke iya sakin jiki ya koyi abu. Iyaye suna ta gyaɗa kai. Ni kam ƙasa na kalla.

Ka gaishe da abokan aikinka. Ka riƙa shafa man nan a bayanka.

Matarka,
Maman Aku

*

Zuwa ga maigida, baban Aku,

Sallama da gaisuwa, da fatan wannan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya zafin wurinku, yaya cin abinci? Na san halinka, in babu mai tsaya maka a kai sai ka wuni da shayi.

Amsarka ta iso: layi uku da kwalin fensira masu launi. Shekara da shekaru ina gyaran rubutun mutane a maɗaba'a, na ga marubuta masu rowar kalma, amma ban taɓa ganin wanda ya kai ka ba. Kuma layi na ukun ma tsohon zance ne: “Ina nan tafe kwanan nan.”

To bari ka ji inda kwanan nan ɗinka ya kai mu. A ajinsu akwai allon kwanaki. Kullum da safe, bayan an kira suna, yaro ɗaya yakan tashi ya maƙala kati uku: jiya, yau, gobe, kowanne a kan ranarsa. Da layi ya zo kan 'yarka, ta maƙala su daidai, sannan ta ɗaga hannu ta tambayi malama ina katin kwanan nan, a kan wace rana ake sa shi. Malama ta ce babu shi a allo. Aku ta ce akwai, babanta ya sani. Malamar ce ta tare ni a bakin ƙofa ta ba ni labari, tana murmushi irin na mai tausayi. Ka san ba abin da na tsana kamar a tausaya min a tsaye.

Sai maganar kujera. Duk Alhamis, bayan hutun cin abinci, mahaifin yaro ɗaya ko mahaifiyarsa kan zo aji ya zauna a kan wata 'yar kujera shuɗiya, irin tasu ta yara, ya ba su labarin aikinsa. Yaron kuma ya tsaya a gefe yana riƙe da wani abin aikin, yana ta hura hanci. Tela ya zo da tef ɗin awo ya auna kan kowa. Wata ma'aikaciyar jinya ta bar su suka ji bugun zuciyar juna. Tun makon farko 'yarka ta sanar da ajin kaf cewa babanta yana ɗaga ƙarfen da ya fi makarantarsu nauyi da yatsa biyu. Ranarta ta zo, ta ce a ba ɗan mai gidan burodi, ita ta jira. Aka sake sa mata wata rana, ta sake bayarwa. Na ce mata to ni in zo mana, ai ni ma ina da aiki, ina da jan biro mai kama kuskuren manya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke ai kullum kina nan.” Ka ji sakayyar mai zama. Jininka ce, ba musu.

Karatu kuwa tana yi. Ta fara haɗa baƙaƙe, tana bin layi da yatsa, harshe a waje. Da yamma nakan zaunar da ita a kujerarka ta bakin taga, ta karanta min shafinta. In ta cije nakan danne bakina kamar yadda aka ce, ni da na saba gyara wa mutane kafin su rufe baki. Wannan aikin naka ne, baban Aku. Kai ke da haƙurin. Kai ka koya wa yayyenta, kana yi kamar ba ka san kalmar ba don su ji daɗin koya maka. Ni ina jin muryarta idona yana kan ƙofa.

Abin da ya fi damuna shi ne surutun ya ragu. Malama ta ce hannun da a da ba ya sauka yanzu sai an roƙa yake tashi, tun ranar da wani yaro ya ce mata ƙarya take, ba ta da uba mai inji. Gidan nan da nake roƙon a yi min shiru in karanta shafi biyu, yanzu na samu shirun, na rasa inda zan kai shi. Rigarka mai ruwan toka tana nan a bayan ƙofa. Na cire ta zan wanke, na mayar.

Ka rubuto da rana, wadda ake samu a allo.

Matarka,
Maman Aku

*

Zuwa ga maigida, baban Aku,

Ina gaishe ka, gaisuwar da ta fi wadda ka cancanta. Yaya jiki, yaya ƙafafu da tsayuwa, yaya idon? E, idon na ce.

Kar ka ga laifin direba. Mutumin kirki ne, ya yi iya ƙoƙarinsa. Na ba shi ruwa, na tambaye shi ko injin naka yana nan lafiya, sai ya kama kallon silin kamar an rubuta amsa a can. Ka san ni da tambaya. Kafin ya ajiye kofi na ji komai: an gwada idanunku tun kafin a buɗe makaranta, naka bai wuce ba, aka sauke ka daga inji. Yanzu kana bakin hanya da tuta biyu, ja da kore, kana tsayar da motoci kana sallamarsu.

Da farko tausayinka ya kama ni, kai kaɗai cikin rana, babu wanda za ka gaya wa. Daga baya kuma raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidanka. Shekara nawa ina cewa ka je a ba ka tabarau, kana miƙa jarida can nesa kamar mai tsoron ta cije ka, kana cewa rubutun zamani ne ya ƙanƙance? Wannan ma na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne ka zauna ka yanke wa kanka hukunci cewa in babu inji ba ka da fuskar shigowa gidanka. Ni injin na aura? Lokacin da na ce ina son ka keke ma na aro kake hawa. Ina nan ina ta saƙe-saƙe, ko ciwo ne, ko na yi maka wani abu, ko ka gaji da bakina, ashe girman kai ne kawai ya sa wa kansa rigar kunya.

Kuma ba ka san 'yan aji ɗaya ba. Ba wanda zai tambaye ka takardar shaida. Yaran da suka yi faɗa a kan wa zai riƙe tef ɗin tela, me kake tsammani za su yi in suka ga mutumin da ke ɗaga ƙyalle babbar mota ta tsaya cik? Su da kullum ake koya musu tsayawa a layi da jiran a ba su dama, ga wanda manya ma ke jira ya ba su dama. Aku za ta riƙe koren, na san ta, ja za ta bar maka. Ko da za ta ji haushin injin, na yini ɗaya ne. Abin da malama ta roƙa tun ranar farko bai wuce guda ba: ka faɗi lokaci, ka zo a lokacin.

Ban gaya mata komai ba, naka ne ka faɗa da bakinka. Amma na daina ce mata kwanan nan. Daren jiya ta tambaya, na ce ban sani ba, ta juya ta fuskanci bango. Wannan ma na rubuta shi a kanka.

To ga inda muke. Zango ya zo ƙarshe, kowane yaro ya yi nasa, saura ita. Alhamis ta sama ita ce ta ƙarshe, kuma malama ta ce ba sauran wanda za a ba. Direba zai taso daga wurinku ranar Laraba, na riga na gaya masa ya bar maka kujerar gaba. Ka zo da tutocin. Kar ka tsaya sayen tsaraba, fensiran da ke gidan nan sun isa buɗe shago. Ka zo da yunwarka ma, na san yadda zan yi da ita.

In kuma Alhamis ta yi aka dawo daga hutun cin abinci babu kai, ba zan zauna a shuɗiyar kujerar ba, tunda an ce ni kullum ina nan. Na roƙi malama aronta, ta yarda, ai hutu za a shiga. Ranar Asabar zan ɗora ta a motar direba, in ɗora 'yarka da littafinta, in hau. Zan dasa maka ita a bakin hanyar nan, gaban abokan aikinka da duk motar da ka tsayar, ka naɗe ƙafafun nan naka ka zauna, ta tsaya a gefenka ta karanta maka shafinta. In ta cije a kan kalma kar ka faɗa mata, ka jira. Mu ma mun jira.

Na wanke rigar mai ruwan toka, na goge.

Matarka, mai fushi da kai, mai sauraren ƙarar ƙofa,
Maman Aku