Na Mayar Wa Kekenka Haƙoransa

Zuwa ga ɗana Mumuni, a can Libiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka, kamar yadda muke nan Nima, a Ankara ta ƙasar Gana, lafiya lau, in ka cire gwiwata ta hagu, wadda za ka ji labarinta nan gaba. Mmanka da ta haife ka tana gaishe ka. Da hannuna na rubuta, ban je wurin kowa ba. Saboda haka in ka ga wani harafi ya kwanta ko ya bi ta kan ɗan'uwansa, ka tuna ubanka a aji huɗu ya yi sallama da makaranta, kuma makarantar ta fi shi murna.

Mumuni, kekenka ya tashi! Wallahi ya tashi. Jiya da hantsi ya hau tudun nan da ke tasowa daga babbar kwata zuwa titin kasuwa, ni ina kansa, ban sauka ba. Tun jiya nake neman wanda ban faɗa wa ba, na rasa, sai kai. Amma bari in bi a hankali, don Mmanka ta ce in na soma labari daga wutsiya nake kamowa.

Kaset ɗinka na ƙarshe ya iso. Mun taru a tsakar gida kamar kullum, aka sa sabon batir a rediyo. Ka gai da Mmanka har kaset ya kusa juyawa. Ka gai da mai kokon bakin lungu. Ka tambayi akuyar nan tamu mai cin sabulu ko tana da rai. Da aka zo kaina sai ka ce, "A gai da Baba." Shi ke nan. Na sa aka mayar da kaset baya ko wani abu ya wuce ni ina tari. Ba abin da ya wuce ni. Shekara huɗu ke nan akuya tana samun gaisuwar da ta fi tawa tsawo. Na yi dariya a gaban mutane, don ka san ubanka, amma na san daga inda abin ya taso. Kai ma ka sani.

Ka tuna ranar da ka shigo da keken nan? Shekara biyu kana dakon kaya a tashar Tudu, kana dawowa kafaɗa duk ta saɓule, har ka saye shi a wurin masu kayan da jirgin ruwa ke saukewa. Ja ne, tayoyinsa kamar na tarakta, kansa a miƙe kamar sandar makiyayi. Ba kariyar ɗaukar kaya, ba ƙararrawa, ba abin tare taɓo. Ka ce keken hawa dutse ne, kuma ranar Lahadi kai da abokanka za ku hau dutsen Aburi. Na kewaye shi sau biyu ina gyaɗa kai irin na masana.

Ai ni masani ne a wurin kaina. Shekara ashirin da wani abu ina masinja a ofis, ina yawo da takardun mutane a kan baƙin kekena mai sarƙa ɗaya da faifai ɗaya. Ba lungun Ankara da ban shiga ba. Abin da na sani game da tudu kuwa guda ne: in ka iso gindinsa ka sauka da mutuncinka, ka tura, kana gai da jama'a.

Ranar Juma'a da ka fita aiki sai na ce bari in ɗana. Na hau, yatsana ya taɓa wani ɗan maɓalli a jikin kan, sai na ji ƙaras-ƙaras, sarƙa ta yi tsalle ta bar faifanta ta koma na kusa. Na sake taɓawa, ta sake tsalle. Na ce innalillahi, sun cuci yaron nan. Sun sayar masa da keken da sarƙarsa ba ta zama wuri ɗaya. Na duba baya na ga faya-fayan haƙora har shida a jere, ga wani ƙarfe yana lilo a ƙasansu kamar ƙafar fara. Na ce ga ciwon nan.

Ban tsaya ko'ina ba sai gindin dogon yaron Baba Zabarma mai gyaran keke. Shi ma tun da yake bai taɓa ganin irinsa ba, amma da ni da shi ba wanda ya yarda ya faɗa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Turawa da son wahala! Sarƙa ɗaya, faifai ɗaya, ka kwana lafiya." Muka cire ƙafar farar. Muka zare wayoyin giya da maɓallansu. Muka rage tsawon sarƙa, muka sa faifai guda. Da na ga aiki ya yi kyau sai zuciya ta ɗebe ni: na sa aka ɗaura kariya, da madubi, da ƙararrawa, da furen roba ja da rawaya a gaba. Kafin la'asar keken hawa dutse ya zama keken kai niƙa.

Na jingine shi a ƙofar ɗaki na zauna ina jiran godiya. Ka shigo, ka tsaya. Ka daɗe a tsaye. Ka tsuguna ka shafa wurin da ƙarfen nan yake a da. Sannan ka ce, "Baba, ka gyara shi?" Na ce ƙwarai kuwa, kuma ba sai ka biya ni ba. Ka ce, "Na gode." Ranar Lahadi abokanka suka zo suna ta buga ƙofa, ka ce a ce musu ba ka da lafiya.

Wannan kuskure ne, kuma kowa yana yi. Abin da ya biyo baya shi ne laifin. Da aka fahimtar da ni abin da na aikata, maimakon in kira ka in ce ka yi haƙuri, sai na mayar da shi labarin ban dariya. Na ba da shi a majalisa, na ba da shi a wurin suna, har ina kwaikwayon yadda ka tsuguna. Mutane suna riƙe ciki, kai kana wucewa da bokitin alwala. Ban ce keke ne ya kai ka Libiya ba, na san neman abinci ne. Amma ranar da za ka tafi ka sallami kowa da hannu biyu, ni ka miƙo mini ɗaya.

To, bayan kaset ɗin nan na shiga bayan ɗaki na janyo keken daga ƙarƙashin tsofaffin kwanon rufi. Kaji sun yi ƙwai a kariyar. Tsatsa ta cinye sarƙa, tayoyin sun tsattsage, furen robar ne kaɗai bai tsufa ba, don abin kunya ba ya mutuwa da wuri. Ina tsaye ina tunanin ina zan samo abin da na zubar, sai Mmanka ta wuce ni ta shiga ɗaki. Ka san jeren kwanoninta na aure da ke cikin kabad, waɗanda ko kallonsu ba a yi da ƙarfi? Ta sauke su ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe na can ƙasa. Ga ƙafar fara, ga faya-fayan nan shida, ga maɓallan, an naɗe su a tsohon ɗankwali an shafe su da man kaɗanya. Ashe a ranar ta bi bayana gindin dogon yaro ta tsince su. Ta ce, "Na san wata rana hankali zai zo maka. Ban dai zaci zai biyo ta Kumasi a ƙafa ba."

Wannan karon ban yi wa kaina masani ba. Na yi tambaya, aka kwatanta mini wani Masta Kwei a Tudu, ɗan ƙabilar Ga ne, shi ke gyara wa masu tseren keke. Na sa keken a saman trotro, motar hayarmu, na kai masa. Ya kalle shi, ya kalli furen, ya kalle ni. Da Hausarsa ta zango ya ce, "Oluman," wato tsoho, "wane ne ya kashe wannan keke?" Na ce wani jahili ne a unguwarmu. Ya ce in na gan shi in gaya masa wannan ba gyara ba ne, yanka ne. Na ce kullum ina ganinsa in na zo aske gemu.

Na roƙe shi alfarma ɗaya, cewa shi ya nuna, ni in yi da hannuna. Sati uku ina zuwa ina zama a kan benci kamar sabon ɗan koyo, da furfurata. Mumuni, abin nan akwai daɗi! Mun kwance shi kaf, in ban da sirdi, har ya koma ƙashi. Na jiƙa faya-fayan a kananzir, na bi haƙoran ɗaya-ɗaya da tsohon buroshin goge baki, sai ga su suna ƙyalli kamar ba su san abin da na yi musu ba. Na zazzage boris ɗin cikin gindin feda, sun yi baƙi kamar kashin awaki, na zuba sababbi a cikin giris. Kariya da madubi da fure na cire su da kaina. Furen yana wurin Masta, ya rataye shi a shago, wai don ya riƙa yi wa masu koyo gargaɗi.

Ba mayar da shi kawai muka yi ba, har ƙari ya samu. Sabuwar sarƙa mai cikakken tsawo. Sababbin wayoyin giya da na birki. Robar birki irin wadda in ka matsa sai ka tuna da kalmar shahada. Tayoyi masu ƙurajen da suka fi na da, Masta ya ce ko laka ko tsakuwa duk ɗaya ne a wurinsu. Ya daidaita wayoyin ƙafafun yana kaɗa su da yatsa yana saurare kamar mai gyaran molo. An sake masa fenti, ja ɗin nan naka sak, don na kankare ƙarƙashin sirdi na samo asalin launin. Har da mariƙin gorar ruwa, wanda da can ba ka da shi.

Ranar da muka mayar da ƙafar farar, Masta ya ɗaga bayan keken ya ce in juya feda in taɓa maɓalli. Ƙaras. Sarƙa ta haye faifai na gaba. Ƙaras, ta sake hayewa. Ƙarar nan da na ji a da na ce ciwo ce, ashe lafiyar ke nan. Na yi ta yi, sama da ƙasa, har ya ce in bari haka nan kada in cinye sabuwar sarƙa a tsaye.

Jiya na gangara da shi bakin kwata na juyo na fuskanci tudun. Shekara talatin ina tura keke a wurin nan. Masu wake da shinkafa suka bar tukwane, 'yan majalisa suka miƙe, wani yana ihu wai a kira Mmanka ta zo ta yafe mini tun da sauran numfashi. Na taka. Da ƙafa ta soma nauyi, jikina ya ce sauka kamar yadda ka saba, sai na taɓa maɓallin. Ƙaras. Mumuni, tudun ya kwanta! Na sake taɓawa ya ƙara kwanciya. Ƙafafuna suna juyawa kamar ina kan shimfiɗaɗɗen titi, ga ni ina hawa, ina wuce shagon mai aski, ina wuce famfo, ina ihu ni kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara. A tsakiyar tudun nan ne na san abin da na cire maka ranar Juma'ar nan. Ba ƙarfe na cire ba. Da na kai sama idona ya cika, na ce wa mutane iska ce.

Saura labarin gwiwa. Da na tsaya a sama, ƙafata ba ta kai ƙasa ba, sai na tafi gaba ɗaya, ni da keke, a gaban mai lemu. Keken bai ji komai ba, na duba shi kafin in duba kaina. Dalili kuwa sirdi ne. Tun a shago Masta ya kawo sifana zai sauke shi daidai tsayina, na riƙe hannunsa. Ya ce zan faɗi. Na ce na sani. Komai na keken nan na taɓa shi, sau ɗaya da jahilci, sau ɗaya da tuba, amma sirdin yana inda ka ɗaure shi da hannunka. Da kan yatsu nake taka feda, kuma haka zan ci gaba, ko gwiwa nawa zai ci.

Ɗana, ka yafe mini. Ban iya faɗinsa da baki ba, kullum sai wasa ya riga ni fita, shi ya sa na rubuta. Ban ce ka bar aikinka ka taho saboda keke ba. A kaset ka ce wataƙila Babbar Salla, wataƙila ba haka ba. In ka zo, dutsen Aburi yana nan bai gusa ba, ni zan bi ka a trotro da gorar ruwa. In ba ka samu zuwa ba, a kaset na gaba ka ba ni ko rabin abin da kake ba akuya.

Allah ya tsare mini kai a inda kake, ya sa albarka a guminka, ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah ya ba ka 'ya'yan da za su yi haƙuri da kai ranar da ka yi musu gyaran da ba su nema ba. Ya dawo da kai gida ina da rai, in ga ƙafarka ta taka ƙasa daga kan sirdin nan ba tare da ka karkata ba. Amin.

Ni ne ubanka,
Isaka Masinja,
mai ɗingishi a Nima.