Gidan da ke Bayan Coci, Mai Tumaki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da ke, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, inda babu ciwon gwiwa babu hayaƙin murhu. Mu nan Doha lafiya lau muke, sai zafin da ko labarinsa ba zan so ki ji ba.

Dalilin rubuto miki shi ne mun sami bizar Ireland. E, Inna, ƙasar su Sista Mai Keke. Tun ranar da bizar ta fito gidana bai zauna lafiya ba, kuma ke ce sanadi, ko da yake ba kya nan balle ki kare kanki.

Hutun da aka ba ni a ɗakin gwajin jini gajere ne, dole a zaɓi wani gari a bar wani. Jikarki Hanifa Dublin take so, wai akwai wani tsohon ɗakin karatu a can. Har na fara murna, ashe hoto za ta ɗauka a ciki.

Surukinki kuwa, Abban Hanifa, ya kafe a kan wasu dogayen duwatsu na bakin teku, kudu da garin Galway, inda mutum ke tsayawa iska na neman kwashe shi. Amma ni na san ruwan sama yake nema. Zaman Doha ya mayar da shi wani iri. Ranar da aka yi ɗan yayyafi a unguwarmu ta Mesaimeer, fita ya yi ba hula ya tsaya a bakin titi kamar shuka. Yanzu kullum yana kan waya yana duba garin da aka fi tafka ruwa. Babban injiniya guda, ya sayi tikitin jirgi don a je a jiƙa shi.

Ni kuma saƙonki ne ya hana ni sakat.

Sau nawa kika ba ni labarin? An haife ni bakwaini a ƙaramin asibitin mishan na garinmu, har mata sun fara ba ki haƙuri. Baturiyar ungozomar nan da ke yawon ƙauyuka a kan keke ta naɗe ni da auduga, ta sa ni a kwali, ta jera kwalaben ruwan ɗumi ta kewaye ni. Kafin ranar suna zazzaɓi ya kayar da ita, aka mayar da ita ƙasarsu. Kullum a nan kike tsayawa ki ce, “Ta tafi ba ta san ko kin yi rai ba.”

Duk wanda zai yi tafiya sai kin ba shi sallahu, ko da Legas za shi, ko Allah zai sa ya haɗu da ɗan garinsu. A ciwonki na ƙarshe kika riƙe hannuna kika ce, “In Allah Ya kai ki, ki ce mata yarinyar ta rayu.” Kika nuna mini turmin atamfar da kika ajiye mata a ƙasan adaka tun ina goye.

Sai dai, Inna, ba ki taɓa sanin sunanta ba. Sista Mai Keke kawai. Kwatancen da kika bar mini kuma shi ne abin da ta taɓa gaya miki: gidansu yana bayan coci, suna da tumaki.

Na duba, Inna. Ƙasar nan gaba ɗayanta a bayan coci take, kuma kowa yana da tumaki.

Abban Hanifa ya yi dariya har da tari. Ya ce ko a tsohuwar unguwar Al Asmakh ta nan Doha, da lungunanta ba su taka kara sun karya ba, ba a neman gida da wannan kwatance. Na ji haushi ƙwarai, don ya fi ni gaskiya.

Da na rasa yadda zan yi, na tari wata ma'aikaciyar jinya a asibitinmu, Nora, 'yar Ireland ce. Na karanta mata kwatancenki. Sai da ta nemi kujera ta zauna don dariya. Da ta share hawaye ta ce in bar ta da mahaifiyarta. Ashe tsofaffin can irinku ne. Uwar Nora ta kira yayarta, yayar ta kira wata da ke share coci, ita kuma ta san wata da ƙanwar kakarta ta yi aiki a Najeriya. A hanya an yi gulmar mutum biyu, an sanar da rasuwar ɗaya. Da kina cikinsu ba wanda zai gane baƙuwa ce.

Sun samo ta, Inna. Wani ƙauye ne can ƙuryar arewa, nesa da Dublin, nesa da duwatsun surukinki. In mun je can, duwatsu sai wani jiƙon.

Na shirya rigima sosai. Abban Hanifa ya daɗe yana kallon taswira, sannan ya sa na tambayi Nora ko ana ruwa a ƙauyen. Ta ce ba a ma ɗaukewa. Ya ajiye wayar ya ce khalas, shi ke nan, a tafi gaisuwa. Na san ba don ruwan ba ne, bai dai so in yi masa godiya ne. Hanifa ma ta haƙura, ta yarda da yini ɗaya kacal a Dublin, bisa sharaɗin za ta yi hoto da tunkiya.

Saura abin da nake ta kewaye-kewaye ban faɗa miki ba. Sista ta riga ki tafiya, da daɗewa. Na yi kuka ranar, kukan da ban yi tsammani ba a kan matar da ban taɓa gani ba. Amma ƙanwarta tana nan, tsohuwa tukuf, a gidan. Ta aiko cewa yayarta ta sha ba su labarin wata jaririya da ta baro a kwali, har ta rasu tana tambayar kanta ko ta rayu. Ta ce mu zo, za ta ɗora shayi.

Ke kika koya mini in ba a tarar da mutum ba, a bar wa 'yan gidansu saƙo. Atamfarki tana cikin akwati, da dabino. Ban san me tsohuwa za ta yi da atamfa a wannan sanyi ba, amma zan miƙa da hannu biyu. Sannan in tsaya a gabanta, da furfurata da ƙibata da 'yata a gefe, in faɗa mata da Hausa yadda kika faɗa, kafin in fassara.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka makwancinki, Ya sa mu isa lafiya mu sauke miki wannan nauyi.

Na tambaya, gidan yana bayan coci. Suna da tumaki.

Taki,
Yarinyar da ta rayu.